Shekarar da Aka Raba Mana Kwano

Ku 'ya'yana, saboda wannan babin na sayi littafin rubutun nan tun farko. Abin da kuka karanta a baya duk kewaye-kewaye nake yi. Kun tashi kun tarar da wata magana tana yawo a dangi, wai mahaifiyarku ce ta zuba wa Baffanku Sabi'u abin da ya kusa kai shi kushewa. Ba a faɗa a gabanku, amma na san ta iso kunnenku. Bara da aka yi biki a Beli, Nafisa ta dawo tana ba uwarta labari ina zaure ina ji: ta ɗauki muciya za ta taya aiki, wata gwaggonku ta karɓe ta ce, "Bari, 'yar Hajara, wannan tukunyar ta Baffanki ce," mata suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. To ku karanta da kyau. In kun gama, Mustafa ya kai wa Baffanku Karaye, hannu da hannu.

Mu biyu ne maza wurin Inna, ni Haladu ɗan fari, Sabi'u auta. Kun san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi hira da ni, in ta ga na shigo sai ta gyara lulluɓi kamar baƙo ya zo. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai hana ni kallon yadda take tsokanar Sabi'u tana ce masa Auta, tana ɓoye masa ƙanzo. Da Baba ya rasu ina aji biyu na sakandare, ni aka cire aka miƙa wa fartanya, shi aka bari ya ci gaba har ya zama malamin makaranta. Ban yi gardama ba. Da damina in noma dawa da masara da rogo a gonarmu ta Gwangwan, da rani in kama fili a bakin ruwa wajen Karaye in zuba alkama. Da wannan alkamar na rufa ɗakin Inna da kwano, da ita na yi masa aure. Abu ɗaya ne ya rage tsakanina da shi wanda babu babba babu ƙarami: kwanon abinci. Dokar Baba ce, maza 'yan gida ɗaya ba sa raba kwano. Ko mun yi faɗa da safe, da yamma a zaure hannunmu na cikin tuwo ɗaya.

Sabi'u ya daɗe ba shi da lafiya, wannan ba zan ɓoye ba. Mutum yana ci amma kamar ana zare shi. Ciki ya kumbura, gudawa ba ta ƙarewa, ido ya yi fari fat, ga wasu ƙuraje a gwiwar hannu da ta ƙafa da yake sosawa har jini. An ce olsa, an ce taifot, an ce basir. Rubutu kuwa ya sha har ya gaji. Ni nake goya shi a babur ina kai shi duk inda aka ce akwai mai magani, don haka kada wani ya ce muku ban damu da shi ba. A ƙarshe wani abokin aikinsa ya kai shi babban asibiti a Kano, aka ɗebi jini, aka zura masa wata igiya mai kyamara ta maƙogwaro. Ya dawo da takarda, ya same ni a zaure ina gyaran buhuna.

"Yaya, an gano ciwon."

"Alhamdu lillahi. Ina maganin?"

"Babu ƙwaya, babu allura. Siliyak suke ce masa. Wai akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama, in ya shiga cikina sai jikina ya juya yana yaƙar hanjina da kansa. Shi ya sa abinci ba ya kama ni."

"Alkama? Wadda nake nomawa?"

"Ita. Da duk abin da aka yi da fulawa."

"Har zuwa yaushe?"

"Har in koma ga Allah, Yaya. Sun ce ko ɗan ɓurɓushi ne."

Na yi dariya. Na ce duk duniya ana neman alkama ana rasawa, kai an ce ka guje ta, lallai likitan nan bai taɓa jin yunwa ba. Shi bai yi dariya ba. Muka shiga cikin gida, ya zauna yana karanta wa Inna takardar: ban da burodi, ban da taliya, ban da funkaso da alkaki da fanke, ɗanwake ma sai an tabbata ba a sa fulawa ba, har dunƙulen miya sai an duba jikin kwalin. Nono ma aka ce ya dakata wata 'yan watanni har hanjin ya warke, a gidan da shanu ke ɗaure a baya. Dawa, gero, masara, shinkafa, rogo, wake, duk ya ci. Na ce to ai shi ke nan, tuwonmu na dawa ne, me ya canza? Sai ya ce injin. Inji ɗaya ne a garin, shi ke niƙa alkamata da safe, shi ke niƙa dawar gidanmu da rana, kuma ba a wanke shi.

A lokacin matarsa Rabi ta tafi gidansu a Turawa wankan jego. Inna ce ta ce ita za ta riƙa daka masa garinsa da hannu. Ku ba ku san abin da wannan ya yi mini ba. Tun ranar da na auri mahaifiyarku na hana Inna daka, ina alfahari da hakan a majalisa, uwata ba ta taɓa taɓarya. Ga ta ta haura sittin, gwiwa na ciwo, ta sa aka fito da turmi. Ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe. Aka sayo sabuwar rariya, sabuwar tukunya, sabuwar muciya, ta ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don kada a haɗa da na gida. Na ce Hajara ta karɓe ta, ta ce a'a, hannun Hajara kullum cikin fulawa yake. Ina fita gona da safe ina jin lugudenta. Ni da na yi zazzaɓin da ya kwantar da ni sati biyu a shekarar da ta wuce, kunu ta aiko mini da shi ta hannun mahaifiyarku, daga bakin ƙofa ta ce sannu ta juya.

Sai aka raba kwanon. Muna zaune a zaure ɗaya, tabarma ɗaya, nawa a gabana, nasa a gabansa da murfi. Duk wanda ya yi sallama sai ya ga kwano biyu. A ƙauye wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwana uku ba a yi ba, na je facin tayar babur, mai facin ya dube ni yana murmushi.

"Haladu, ashe an raba gandu ba a gayyace mu ba?"

"Wane gandu? Likita ne ya hana shi alkama."

"Alkama dai? To. Mu dai mun san in mutum ya daina sa hannu a kwanon ɗan'uwansa, ba hatsin yake tsoro ba."

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Sabi'u ya fara warkewa. Ya kamata in yi murna, na sani. Cikin wata uku kumatu suka fito, ƙurajen suka bushe, ya koma buga ƙwallo da ɗalibansa. Amma ku ji yadda mutane suka juya zancen: tun da ya daina cin girkin gidan Haladu ya samu lafiya. Babu wanda ya ce injin, babu wanda ya ce alkama. Gidan Haladu. Ni da na bar makaranta dominsa, ni ne yanzu ake kallo ta gefen ido a masallaci. Shi kuwa yana ta sheƙi, Inna na bin sa da kallo tana cewa Auta ya dawo mutum. Na fara gaya wa kaina cewa babu wani ciwo. Hutu ne da gata da tuwon dakan hannu, wa za a yi wa haka bai yi ƙiba ba? Ɗan boko ya samo takarda ya mayar da uwarmu baiwarsa.

Al'adar gidanmu ce, in na yi girbin alkama, mudun farko Hajara ta yi funkaso da miyar taushe, a fara kai wa Inna ta sa albarka. Shekara goma sha wani abu ana haka. Ranar kaɗai ce a shekara nake ganin ta ci abin da na noma ta dube ni ta ce Allah ya ƙara. A wannan shekarar ni da kaina na ɗauki kwanon na kai ƙofarta. Ta tare ni da hannu tun ban ɗaga labule ba.

"Tsaya nan. Kada a shigo mini da shi, garin Auta na ciki."

"Naki ne, Inna. Na fari ne."

"Na gani. Allah ya sa albarka. Ku ci can, ni ma na bar ta, don kada in manta in taɓa masa abinci da hannun."

"Wato abin da nake nomawa ya zama guba ke nan a gidan nan."

"Wa ya ce guba? Kai lafiyarka ƙalau, ga matarka, ga 'ya'yanka. Me kake nema kuma?"

Na dawo da kwanon na ajiye. Ban ci ba.

Bayan kwana biyu aka yi suna a maƙwabta, matan gida duk suka tafi, Sabi'u yana makaranta. Na dawo daga masussuka wajen azahar na tarar gidan babu kowa. Ba zan ce Shaiɗan ba, don Shaiɗan bai san inda Inna ke ajiye gari ba, ni na sani. Na shiga ɗakin mahaifiyarku na ɗebo garin alkama tafi biyu a ƙwaryarta. Na shiga ɗakin Inna, na ɗaga faifan da ta rufe fantekar garin Sabi'u, na zuba a garin farar dawar da ta kwana biyu tana dakawa, na juya da hannuna har ya ɓace. Niyyata ya ci na sati guda, in ga babu abin da ya same shi, sannan in tara su a tsakar gida in ce ga ciwon naku, alkama yake ci tun ran Talata. Inna ta ajiye taɓarya, a mayar da kwano ɗaya, mai faci ya rufe bakinsa. Har na shirya kalmomin da zan faɗa.

Da yamma muka zauna a zaure. Ya buɗe kwanonsa, ya yi bisimilla, ya kai loma.

"Yau tuwon Inna ya yi danƙo," ya ce. "Ko ta canza dawa ne?"

"Ci dai, Malam. Mu da ba a daka mana ba mu san bambanci ba."

Ya yi dariya ya cinye tas. Washegari ya tafi makaranta ya dawo kafin a tashi, yana riƙe da ciki. Na ce a raina rana ce. Kwana na biyu amai da gudawa, ko zama ba ya iyawa. Yanzu ga wurin da na fi jin kunyar rubutawa. Inna ta ga ba ya iya cin tuwo, sai ta riƙa dama masa kunu, kuma da wane gari? Da wanda ta amince da shi, na fantekar nan. Tana ba shi a baki tana cewa sha Auta, wannan ba abin da zai yi maka. Ina tsaye a tsakar gida ina gani. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da abin, na kasa fitar da ita, don in na faɗa sai an tambaye ni yadda aka yi na sani. Kwana uku ina kallo. A na huɗu muka kai shi asibiti a Karaye aka sa masa ruwa, likitan ya tambaya me ya ci, Sabi'u ya rantse bai taɓa komai a waje ba.

Inna ce ta gano. Macen da ta shekara hamsin tana taɓa gari ba a ɓoye mata. Da muka dawo ta ɗebi garin fantekar kaɗan ta jiƙa a tafin hannu, ta murza, ta ja shi da yatsu biyu. Ya biyo yatsun da danƙo. Sannan ta fito ta kira mahaifiyarku. Da ma can baya Hajara ta taɓa ɗaukar rariyar mai jan ƙyalle bisa kuskure, an yi mata faɗa.

"Hajara, akwai alkama a garin nan. Ke kaɗai ke da garin alkama a gidan nan. Kin sake ɗaukar mini rariya ko?"

Ina zaune a kan turmin da aka kife, ban fi taku biyar da su ba. Mahaifiyarku ta dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmi.

"Ki yi haƙuri, Inna," ta ce.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce ita ce ba, ba ta ce ba ita ba ce. Amma magana in ta fita daga gida ƙafa take yi. A ƙofar gida rariya ce, kafin ta kai Beli ta zama da gangan, kafin ta kai Turawa wurin dangin Rabi ta zama Hajara na baƙin cikin gatan da ake yi wa ƙanin miji. Sabi'u bai taɓa faɗa mata baƙar magana ba, ya dai daina karɓar ko ruwa daga hannunta. Jikinsa ya ɗauki wata biyu kafin ya dawo, ƙurajen ma sun fi haka. Kafin damina ya nemi canjin makaranta, ya kama haya a Karaye, ya ce gidan da ake sussukar alkama ba wurin zamansa ba ne. Inna ta ɗaura kayanta ta ce za ta je ta zauna masa sati biyu kafin Rabi ta saba da girkin. Shekara tara ta yi a can, a can ta rasu. Ɗakin da na rufa mata da kwano, buhuna nake ajiyewa a ciki.

Bayan sun tashi da 'yan kwanaki na tarar da mahaifiyarku tana tsinke zogale a inuwa. Na tsaya a kanta. Ita ta fara, ba ta ko ɗago ba.

"Na ga sawun yatsunka a ƙwaryata tun ranar, Malam. Ni da ludayi nake ɗiba."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In ni ce, sakacin suruka ne, a yi faɗa a wuce. In kai ne, za a ce babban wa ne ya zuba wa ƙaninsa. Ina za ka sa fuskarka a garin nan? Yaran nan fa, da sunan wa za a kira su?"

Ta yi zaton za a wuce. Ba a wuce ba. Ta daina zuwa da girki kowace hidimar dangi, in an je biki wanke-wanke take kamawa. Ni kuma na karɓi wannan rufin asirin kamar haƙƙina ne.

Sai da aka shekara biyu na iya zuwa wurin Inna da maganar. Ranar kasuwar Karaye ce, na taso daga gona ko wanka ban yi ba, na lissafa Sabi'u yana makaranta. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai, tun daga funkason har kunun. Ina magana ina jiran ta ɗaga hannu ta mare ni, ko ta yi kuka, ko ta ce in fita kada in ƙara taka mata gida. Duk wanda ta yi zan karɓa. Gaskiyar ita ce so nake ta yi. Ta ajiye tsakuwar da ta tsinto a gefe.

"Tafi nawa?"

"Biyu."

Ta motsa shinkafar da yatsa.

"Auta ya sani?"

"A'a."

"To kada ka faɗa masa. Ɓacin rai ma yana tayar masa da cikin, sai ya kwana biyu bai ci ba."

"Hajara fa, Inna? Ita ake zagi."

"Hajara mai haƙuri ce. Allah zai ba ta lada."

Na bi umarninta har ta koma ga Allah, kuma kada ku ɗauka biyayya ce. Ya yi mini daɗi ne da na samu inda zan ɓuya, uwata ta ce in yi shiru. Ladan da aka ce Allah zai ba mahaifiyarku, ni ne ya kamata in biya shi tun a duniya, ban biya ba. Ku kuma kada ku ce na warke. Har yau in na ga Baffanku ya fito da farar rigarsa, jiki mulmul, mutane na cewa Malam sannu da ƙoƙari, ƙyashi yana taso mini, ina istigfari yana dawowa.

Ranar dai ina durƙushe a gabanta, na ga shinkafar na da yawa ga idonta ya yi rauni, na miƙa hannu zan taya ta tsinta. Ta janye faifan zuwa jikinta.

"Daga gonar alkama kake," ta ce. "Je ka wanke hannu tukuna, da sabulu. Ta Auta ce."

Na tashi na je bakin randa na wanke.